Yadda za ka lissafa kayan katangar bayan gida kafin ka kira magini

Jama'a abin da ya sa na ce bari in rubuta wannan, bara da zan zagaye bayan gidana a Rigasa na zauna na buga lissafi da kaina, na sayo bulo 700 ina ta murna, wallahi ko kafaɗata katangar ba ta kai ba bulo ya ƙare. Da na yi wa magini magana sai ya yi dariya ya ce "Oga ai ginin da ido ke gani kawai ka ƙirga, wanda ƙasa ta haɗiye fa?" Nan na gane inda na yi ɓatan kai.

Toh farko dai ka nemo tef ka auna da hannunka, kar ka ce ai filina 50 by 100 ne shikenan, filaye nawa ake ce musu haka in ka sa tef sai ka ga ƙafa 47 ne ko 96. Ka nemo bikon ɗinka, wato alamun iyakar filinka, ka ja igiya daga wannan zuwa wancan, in da hali ka kira maƙwabci ya tsaya a wajen ana yi a gabansa, don rigimar taku ɗaya ta ƙasa tana iya kai ku gaban mai unguwa. In takardarka ta KADGIS ce, wato hukumar filaye ta jihar Kaduna, ka duba awon da ke jiki, sannan ka leƙa KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kan maganar izinin gini kafin ka zuba kuɗinka.

Bari mu ɗauki misali. Bayan gida ƙafa 50, gefe da gefe ƙafa 35 kowanne, ya kama ƙafa 120 kenan. Bulon da muke amfani da shi tsawonsa inci 18 ne wato ƙafa ɗaya da rabi, tsayinsa inci 9, ko mai inci 6 ne ko mai inci 9 duk haka suke, kauri ne kawai ya bambanta su. Sai ka raba 120 da ɗaya da rabi, zai ba ka 80, wato kowane layi ɗaya zai ci bulo 80. In za ka bar ƙaramar ƙofa ta baya sai ka cire bulo biyu a kowane layin sama.

Yanzu layi nawa? A nan ne na faɗi. Layi 9 a saman ƙasa zai ba ka wajen ƙafa 7 da 'yan kai in ka haɗa da simintin da ke tsakani, ya isa ya rufa maka asiri, amma akwai layi 3 na fandisho da ake jerawa daga cikin rami su fito, kuma su ɗin mai inci 9 ya kamata ka sa ko da na sama mai inci 6 ne. Kenan 240 na ƙasa, 720 na sama, 960 gaba ɗaya. Ka cike shi dubu kawai, saboda wajen sauke wa daga mota sai an fasa wasu, magini ma zai sare wasu a kwana. In filin gangare ne ko wurin da ruwa ke kwanciya, irin wuraren da ke kusa da rafi, gefen da ya yi ƙasa zai iya cin layi 5 kafin ya zo daidai da sauran, wannan kam sai an haƙa rami an ɗora lebur za ka san gaskiyarsa.

Af, kafin in manta, in ka je gidan bulo ka ɗaga ɗaya ka sake shi daga daidai gwiwa, in ya watse kamar garin kwaki ka yi gaba. Arha a bulo ba riba ba ce.

Siminti kuma wuri huɗu yake shiga, mutane ɗaya kawai suke lissafawa. Na jera bulo, a kiyasin magina buhu ɗaya mai kilo 50 yana jera kamar bulo 50 na inci 9, ko 70 na inci 6, misalinmu zai ci buhu 16 haka. Sai kankaren ƙasan rami, in faɗinsa inci 18 ne kaurinsa inci 6 ka ware buhu 12. Sai fila, wato ginshiƙin kankare, duk ƙafa 10 a samu ɗaya, da kowace kwana, mu a nan guda 14 kenan, ka sa wa kowace buhu ɗaya. Ka ga mun kai 42 ba a yi zancen filasta ba, ita ma fuska ɗaya kawai za ta lashe wajen buhu 10, shi ya sa da yawa ake barinta sai an huta. Ni dai shawarata kar ka kwaso simintin duka rana ɗaya musamman da damina, yana shan sanyi ya daskare, ka riƙa saya ashirin ashirin kana ɗorawa kan katako.

Filar nan dan Allah kar ka bari wani ya ce maka ɓarnar kuɗi ce. Duk wanda ya san iskar farkon damina a Kaduna, da ruwan watan Agusta da yake kwana yana zuba, ya ga yadda doguwar katanga mara fila take kwanciya gaba ɗaya kamar an shimfiɗa tabarma. Kowace fila rodi huɗu ne mai 12mm a tsaye. Rodi ɗaya mita 12 ne, kusan ƙafa 40, amma da yake filar za ta kai ƙafa 10 ga kuma lanƙwasar ƙafarta a cikin kankare, yanka uku kawai za ka samu a rodi ɗaya, guntun da ya saura ba zai yi fila ba. Yanka 56 muke so, kenan rodi 19. Ka ƙara siririn rodi na zobe, da wayar ɗauri, da ƙusa da katakon da kafinta zai yi akwatin zuba kankare. In za ka shiga kasuwar Panteka sayen rodi ka tafi da tef ɗinka, wani ba ya cika tsawon.

Yashi da tsakuwa ba sa buƙatar dogon lissafi. Buhun siminti kwanon sarki biyu ne, kankaren fila kuwa buhu ɗaya yana tafiya da kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Ka faɗa wa mai tifa yawan bulonka ka tambaye shi girman motarsa, don tifa suna suka tara, kuma ka ce masa yashi mai tsakuwa tsakuwa kake so ba mai laka ba. Ruwa ma kuɗi ne, in babu rijiya ko bohol kusa ka sa kuɗin 'yan garuwa a lissafi.

Sannan ka ce wa magini ya bar maka wuriya a layin ƙasa ta gefen da ruwa ke gangarawa, guntun fayif mai inci 4 ya isa. Ni nawa mantawa muka yi, sai da ruwan farko ya cika tsakar gida na fito da guduma cikin dare ina fasa bulon da na biya kuɗinsa.