Zaɓen Furannin Dajinmu Masu Tohowa Duk Shekara Don Lambun Gida a Bauchi da Gombe

Mai son ganin ƙudan zuma da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi a lambunsa ya fara lissafinsa daga rani. Da damina daji cike yake da fure, babu mai buƙatar lambunka. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ne abinci ke yankewa, ciyawa ta bushe, gobarar daji ta lashe saura. Saboda haka cikin shuka goma da za ka zaɓa, biyar ko shida su zama masu fure da hunturu da bazara. Yawancin fulawoyin da ake sayarwa a leda a bakin titi baƙi ne, suna shan ruwa da yawa, kuma ƙwarinmu ba sa kiwon 'ya'yansu a kansu.

Kabar giwa, wadda wasu ke kira zabuwa, ita ce ta farko. Tana fitar da dogon kara mai furanni bayan ɗaukewar ruwa, kuma tsuntsun sha-kauci ba ya wuce ta. Ka ciro 'ya'yan da ke tohowa a gindin uwar, ka bar su a inuwa kwana 2 zuwa 3 wurin yankan ya bushe, sannan ka dasa a haɗin yashi kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya. In ka dasa da ɗanyen rauni, ruɓewa za ta yi. Rawaya, wadda ake rini da saiwarta, tana buɗe manyan furanni dab da ƙasa a tsakiyar rani, tun ba ta da ganye ko ɗaya. Tana son tsakuwa da rana ƙwal, irin ƙasar gindin duwatsun Bauchi. Ƙara da shuwaka guda biyu a jikin katanga, amma fa ka bar ɗaya ba tare da yawan tsinka ba, don wadda ake yi wa aski kullum saboda miya ba ta samun damar yin fure, alhali fararen furanninta na rani ƙudan zuma na rububinsu.

Furannin damina kuwa masu albasa ko doya ne a ƙasa. Albasar kwaɗi na fitar da farin fure mai jan layi da zarar ruwa ya sauka, ƙamshinta na tashi da magariba, lokacin da ƙwarin dare masu dogon baki ke zuwa sha. Binne ta yadda wuyanta zai yi daidai da fuskar ƙasa, tazarar santimita 50. Rumana kuwa, mai dogon ganye kamar takobi, zurfin santimita 10 ya ishe ta. Gatarin kurege ya fi su kyau, ja da rawaya, amma doyarsa na da saurin karyewa, kuma ido ɗaya ne a bakinta, in ya gutsure shi ke nan. Kwantar da ita a kwance, ka kafa mata reshe, don da bakin ganye take kama abu ta hau. A kula sosai: gatarin kurege guba ne mai kisa, albasar kwaɗi ma guba ce. Gidan da ke da ƙananan yara ko awaki a sake, a haƙura da su, ko a killace.

Ƙasa ce ke yanke hukunci. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika da ruwa. In ya tsotse cikin awa biyu ko uku, kabar giwa da rawaya da filasko, ƙaramar shuka mai rawayan fure, za su yi. In ya kwana, kamar a baƙar laka mai tsagewa da rani da ake samu a sassan Gombe, to wurin albasar kwaɗi da ciyawar jema ne, sauran sai an yi musu tudu. Inda ruwa ke zaizayar gangare, layin jema ko gamba na riƙe ƙasa, tsuntsaye kuma su ci irinsu. Sai dai busasshiyar gamba makamashi ce, a yanke ta a Disamba, kada a shuka ta kusa da madafa.

Fure kaɗai ba ya isa. Tsutsar malam-buɗe-littafi ganye take ci, kuma kowace da nata. Mai ruwan goro da baƙin baki mai ɗigon fari a kan tumfafiya take yin ƙwai, don haka ka bar gindi ɗaya a lungu, ka kiyayi farin ruwanta a ido. Ganye mai huji alama ce lambun na aiki. Wanda ya ɗauko feshi a nan ya kashe baƙin da ya gayyata.

Yi dashe a watan Yuni, bayan ruwa ya zauna, da yamma. Haɗa biyar zuwa bakwai na iri ɗaya wuri guda, ƙudan zuma sun fi ganin taro. Irin filasko ɓawonsa da tauri, a zuba masa ruwan zafi ya kwana kafin shuka. Ɗanyen kashin shanu na ruɓar da albasa, yana kuma jawo gara, ruɓaɓɓen taki cikin tafi biyu a rami ya wadatar. Kuskuren da aka fi yi shi ne da ganye ya bushe a Oktoba sai a ɗauka shukar ta mutu, a yi ta kwarara ruwa ko a kai mata fartanya. Barci take yi. Kafa turke a wurin, ka daina ba ta ruwa sai sabuwar damina.

Kada a shiga Yankari ko wani gandun daji a tono. Nemi tsiro a filin da za a yi gini ko gonar da ake sharewa, da izinin mai shi. A ajiye kuma kasko mai tsakuwa da ruwa a inuwa, a riƙa sauya ruwan duk bayan kwana biyu saboda sauro.