Kurakuran da suka ƙi ƙarewa a bakin masu koyon haruffan Jamusanci

Duk wanda ya zo wurina da niyyar fara Jamusanci, tun kafin ya buɗe baki na san inda zai yi tuntuɓe. Fuskoki suna sauyawa amma kuskuren yana nan, har na gaji da maimaita gyara ɗaya ga kowa. Shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda, wanda ya zo sai in ce masa je ka karanta tukuna.

Tushen abin ɗaya ne. Mutum zai buɗe littafi ya ga haruffa 26 ɗin nan da ya sani tun firamare, sai ya ce ai wannan na wuce wurin, ya tsallake shafin farko ya tafi gaisuwa. Daga nan duk kalmar da ya gani da bakin Turanci zai karanta ta. Abin haushin kuwa, wanda ya iya karanta Hausar boko ya fi ɗan Ingila kusa da lafazin Jamusanci. Wasulanmu biyar, a, e, i, o, u, kusan yadda muke faɗinsu haka Bajamushe yake faɗinsu. Kalmar Name, wato suna, gaɓa biyu ce, "na-me", amma sai ka ji ɗan koyo ya lanƙwasa ta irin ta Ingila. Ka ajiye Turancin a bakin ƙofa, ka shigo da Hausarka, rabin aikin ya ƙare. Sauran rabin shi ne wuraren da ita Hausar ma take yaudarar mu, kuma zan zo kansu.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne sunayen haruffa. Mutane suna ganin wasan yara ne, babu mai son zama ya rera "a, be, tse, de" da gemunsa. To ku saurara. In ka ce E da Turanci, abin da ya fito bakinka "i" ne, Bajamushe kuma I zai rubuta. In ka ce A da Turanci, E zai ji. In ka ce R yadda muke faɗinsa a makarantunmu, "aa", A zai sa maka. V ɗinka ta Turanci kuma W ce a kunnensa, domin a wurinsu V sunanta "fau", W kuma "ve". J "yot" ce, G "ge" kamar farkon gero, H "ha", Q "ku", Z "tset", Y kuma doguwar nan "üpsilon". Yanzu ɗauki suna irin namu, Ibrahim ko Aisha ko Rabi, ka ƙirga A da I da R nawa ne a ciki, ka ga irin ɓarnar da za a yi.

Wannan ba labari aka ba ni ba. Wani ofishi a Jamus ya nemi in jero haruffan sunana ta waya, na jero su da Turanci cikin gadara, matar tana ta cewa "ja, ja" tana bugawa. Da takarda ta iso, sunan da ke jiki ba nawa ba ne, bai kuma yi daidai da na fasfo ba. A can harafi ɗaya in ya saɓa, kai wani mutum ne daban. Sai da na sake neman ranar ganawa, na sake bin layi, abin da nake jira ya tsaya cik na tsawon makonni, ga kuɗin mota ga ɓacin rai, duk a kan shafin da kowa ke tsallakewa. Shi ya sa idan ɗalibi ya ce mini "Malam, mu wuce wannan, na iya", ba na ko amsa masa, sai in ce jero mini sunan mahaifinka. A harafi na biyu yake faɗuwa. Kuma masu shirin jarrabawar A1, wato matakin farko, ta cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe-Institut, musamman masu son bin miji ko mata zuwa Jamus da ake nema wa wannan takarda, ku sani a ɓangaren magana bayan ka gabatar da kanka ana iya cewa "Buchstabieren Sie bitte", wato jero haruffan. Maki ne na banza a ƙasa, amma mutane suna barinsa.

Maganin da nake bi ba na littafi ba ne. Duk lambar motar da ta gifta gabana, da haruffan Jamusanci nake karanta ta a zuci, haka allon shago, haka sunan magani. BMW ta zama "be-em-ve", VW ta zama "fau-ve", tashar DW da muke ji da Hausa ta zama "de-ve". Sunanka, na mahaifinka, garinku da adireshin imel ɗinka kuwa, ka haddace su har ka iya jerowa ko daga barci aka tashe ka. A waya kuma ka riƙa jingina harafi da kalma: "A wie Anton, B wie Berta". A 2022 an sauya tsarin hukuma zuwa sunayen garuruwa, Aachen, Berlin, Chemnitz, Düsseldorf, amma tsohon har gobe shi aka fi ji a bakin mutane. Ni duk wanda ya zo bakina shi nake amfani da shi, babu wanda ya taɓa korata.

Na biyu, kuma a nan laifin Hausa ne ba na Turanci ba: W, V, F, P da B. Ba mu da sautin "v" a Hausa, sai mu mayar da shi "b". Ba mu da "p" tsayayye, sai ya narke ya koma "f". Ita kanta "f" ɗinmu da leɓɓa biyu muke hura ta, a Sakkwato da Nijar ma har takan koma "hw". Jamusanci kuwa duk waɗannan ya raba su, kowanne da aikinsa. Ga kalmomi uku da nake azabtar da ɗalibaina da su: vier, wir, Bier. Ta farko huɗu ce, "fiya". Ta biyu mu ce, "viya". Ta uku giya ce. Wanda ya kasa "v" ya sa "b", duk sanda ya so cewa "mu", giya yake ambata, ga shi da hula da carbi. Haka Wald, daji, yake komawa bald, nan ba da jimawa ba. Haka Pass, fasfo, yake komawa Fass, ganga. Kana tsaye gaban jami'i kana cewa ga gangata.

Kada wanda ya ce mini ai za su gane daga yanayin magana. Wani lokaci za su gane, wani lokaci su tsaya suna kallonka, kai kuma ka dawo kana cewa Jamusawa ba su da kirki. Gyaran ba wuya, kasala ce kawai. Ka tsaya gaban madubi. In haƙoranka na sama ba su taɓa leɓenka na ƙasa ba, ba ka faɗi F ba, ba ka kuma faɗi W ba. Bambancinsu kawai, a W maƙogwaro yana rawa, sa yatsa ka ji. P kuma leɓɓa ne a rufe ruf sannan su fashe da iska. Riƙe 'yar takarda gaban baki, in ba ta motsa ba sake. V yawanci "f" ce, Vater, Vogel, Volkswagen, sai a kalmomin aro irin Visum, Video da November inda take komawa "v". Waɗannan haddace su ake yi.

Sai shadda. Bahaushe in ya ga baƙi biyu a jere, hannu, babba, sai ya danna, haka aka koya mana kuma daidai ne a harshenmu. A Jamusanci baƙi biyu ba umarnin dannawa ba ne, alama ce kawai cewa wasalin da ya zo kafin su gajere ne. Mutter "muta" ce da sauri, ba "mut-tar" ba. Kommen ba a tsayawa a kan "m". Amma tsawon wasali, wannan kam yana da muhimmanci, kuma kunnenmu ya riga ya san shi: garin da ake zama da garin da ake tuwo, ai ja ne kawai ya raba su. Haka Stadt, birni, da Staat, ƙasa. Haka Mitte, tsakiya, da Miete, kuɗin haya. H ɗin da ta biyo bayan wasali, kamar a Bahn ko Uhr, ba a furta ta, madda ce, ka ja kawai.

Z ba "z" ba ce, "ts" ce. S kuma in ta zo gaban wasali ita ce "z". Saboda haka in ka karanta Zeit, lokaci, da "z", seit ka faɗa, wato tun. Ka fara daga "ts" ɗinmu ta tsuntsu, amma ka saki maƙogwaro, kada ka matse shi, ka bar "t" ta fito sarai sannan "s" ta bi ta. Ka ƙirga zwei, zehn, zwölf, zwanzig kullum da safe.

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo, ku ne kuka fi ba ni mamaki. Shekara da shekaru kuna jin mai sharhi yana cewa "Noya", kuna ganin Neuer a bayan riga, amma a aji kuka ga neu ko Deutsch sai ku ce "niyu", ku ce "diyuc". Eu da äu "oi" ne. Ei "ai" ne, kamar a Leipzig. Ie kuma doguwar "i" ce. Mai juya waɗannan biyun yakan mayar da Wien, babban birnin Ostiriya, ya zama Wein, ruwan inabi mai sa maye, ya mayar da Lied, waƙa, ta zama Leid, baƙin ciki.

Ɗigo biyun da ke kan ä, ö, ü ba kwalliya ba ne. Wanda yake zubar da su a rubutu kamar mai rubuta ƙasa ne da k marar lanƙwasa, ya ce ai duk ɗaya. Schon, tuni, daban. Schön, kyakkyawa, daban. Mutter uwa ɗaya, Mütter uwaye. Zahlen biyan kuɗi, zählen ƙirgawa. Ä ba ta da wahala, "e" ce mai buɗaɗɗen baki. Don ü, ka ce "iii" ka riƙe, harshe kada ya motsa, sai ka tsuke leɓɓa kamar za ka yi fito. Don ö, haka za ka yi amma daga "eee". Za ka ji kunya a farko, fuskarka za ta yi wani iri, yi haƙuri ka yi. In madannin wayarka ba shi da su, ka rubuta ae, oe, ue, an yarda da wannan. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka bar a, o, u tsirara.

Ch kashi biyu ne. Bayan a, o, u da au, kamar a Buch, acht, auch, sautin harafin خ ne na Larabci, wanda duk wanda ya yi tajwidi ya san mafitarsa. Ban ga dalilin da zai sa wanda ya sauke Alƙur'ani ya riƙa cewa "buk" ba. Bayan i, e, masu ɗigo da baƙaƙen l, n, r, kamar a ich da München, sauti ne mai laushi daga tsakiyar ganɗa: ka shirya bakinka kamar za ka ce "y", sai ka hura iska ba murya. Kada ka mayar da shi "sh", in ba haka ba Kirche, coci, za ta zama Kirsche, ɗan itace.

Ƙananan kuma ga su a gurguje. J "y" ce, ja "ya", Jahr "yaa". Sch "sh" ɗinmu ce, tsch kuma "c" ɗinmu. St da sp a farkon kalma "sht" da "shp" ne, Straße, Sport. B, d, g a ƙarshen kalma suna bushewa su koma p, t, k, don haka Tag "taak", Hund "hunt". Ku daina cusa wasali tsakanin baƙaƙe: Straße ba "shitirase" ba ce, Herbst gaɓa ɗaya ce tak, ko da harshe zai harɗe. Harafin ß ba B ba ne, kada in sake jin "shtrabe". "S" ce mai kaifi, tun gyaran rubutu na 1996 tana zuwa ne bayan dogon wasali ko tagwan wasali, a Suwizalan kuma ss suke rubutawa a madadinta. Ƙarshen -ig, kamar a zwanzig, a daidaitaccen lafazi irin ch ɗin ich ne, amma a kudancin Jamus da Ostiriya "ik" suke cewa, ka ɗauki ɗaya ka riƙe.

Akwai kuma inda mutane suke ɓata ƙarfinsu a banza, wato R. Sai ka ga mutum ya kwashe makonni yana kurkure maƙogwaro don ya fitar da R irin ta masu karanta labarai, alhali har yanzu wir da Bier ɗaya ne a bakinsa. Wasu malamai ba za su yarda da ni ba, amma ni cewa nake ka bar R ɗinka ta Hausa, mai kaɗa harshe. A Bavariya da Ostiriya da Suwizalan ana jin irinta a bakin 'yan ƙasa, babu kuma kalmar da za ta sauya ma'ana saboda ita. Abin da kawai za ka kiyaye, a ƙarshen kalma ba a kaɗa ta, narkewa take yi ta zama gajeriyar "a": Vater "faata", Wasser "vasa", Müller kuma ka tsuke leɓɓa a gaɓar farko ka ƙare da "la".