Tarewa a sabuwar unguwa a bayan Makka: ta ina za ki fara?

Tun da aka soma rushe tsofaffin unguwannin Makka, Hausawan da kakanninsu suka kafa gida a Shari'u Mansur da Hindawiyya da Tundubawi sun bazu a gefen gari. Wasu sun nufi Shara'i, wasu Zaidi, wasu Nawwariyya, mu kuma Allah Ya ajiye mu a Waliyul Ahad, can kudu. 'Yan'uwanmu na Jidda ma haka ta same su tsakanin 2021 da 2022, da aka share Gulail da Karantina da Sabil. Kullum sai wata ta kira ni ta ce, "Yaya, mun samu shigga a wajenku, me zan fara yi?" Shigga dai ita ce gidan haya guda ɗaya a cikin bene. To ga amsar a rubuce, 'yar'uwa, ki adana. Gidajen nan sababbi ne, tituna da faɗi, iska na shiga ta ko'ina, amma duk abin da tsohuwar hara, wato unguwarmu ta dā a cikin gari, take yi miki ba tare da kin roƙa ba, a nan sai kin tashi kin nemo shi da ƙafarki.

Kafin maigida ya ba da ko riyal ɗaya, ku je ku ga gidan da idonku, da rana da kuma dare. Hoton da dillali ke turowa a waya ba ya nuna zafi. Ki shiga da azahar, ki ɗora tafin hannunki a bangon ɗakin kwana. Idan bangon yamma ne, ko kuma shiggar tana hawa na ƙarshe rufinta na kallon rana, za ki ji shi kamar tanderun gasa burodin tamis, kuma wannan zafin ke za ki biya shi a takardar wuta har ƙarshen bazara. Bayan isha'i kuma ku koma. A lokacin ne za ki ga ko fitilun titi na aiki, ko tagogi nawa ne ke da haske a imarar, wato benen gaba ɗaya, ko karnuka na yawo a filayen da ba a gina ba. Imarar da shigga biyu kaɗai ke da mutane, ki yi tunani sosai idan maigidanki mai aikin dare ne. Ki duba gindin katangar waje: idan akwai shatin laka a jiki, ruwan sama na kwanciya a wurin. Makka gari ne na kwari da duwatsu, ruwa ba ya yawan sauka, amma ran da ya sauko, duk abin da ke kan hanyarsa tafiya yake da shi. Sannan ki tambaya ko gidan yana cikin iyakar Harami ko yana wajenta. Dillalai na saka wannan a farashi, tsofaffinmu kuma suna damuwa da shi ƙwarai. Gara Hajiya ta sani tun yanzu da ta ji a bakin wani bayan an kwashe kaya.

Maganar ruwa ce ta fi kowace girma, don haka zan tsaya a kanta. Tambaya ta farko: layin nan an haɗa shi da bututun gwamnati, ko da wayit ake sha? Wayit ita ce motar ruwa, kuma a sababbin layuka da yawa ita ce rayuwa. Kowace imara tana da kazzan biyu, wato tankunan ruwa, babba a ƙarƙashin ƙasa, ƙarami a saman rufi, dinamo na tura ruwa daga wannan zuwa wancan. Ki san wa ke kiran wayit, wa ke karɓar kuɗin, kuma yaya ake rabawa. A imararmu da farko kowace shigga kason ta ɗaya, sai rigima ta tashi, don gidan mutum biyu ba zai yarda ya biya daidai da gidan mutum tara ba. Daga baya muka koma lissafi da yawan kai, haris, wato mai gadin ginin, na riƙe da littafi, kowa na sa hannu. Tun ranar ba a sake ɗaga murya a matakala ba. Kada ki jira famfo ya fara tari kafin a kira mota. Ki sa yaro babba ko haris ya riƙa leƙa kazzan, idan ya sauka rabi a yi waya, musamman da azumi da lokacin aikin Hajji, da neman ruwa ke yawa.

Sabon kazzan ba ya nufin mai tsabta. Magina na barin ƙurar siminti da guntayen katako a ciki, wani lokaci har da ledar abinci. Ki nemi a wanke shi kafin ku tare, ki buɗe famfunan gidan su zuba na ɗan lokaci, ki tara a farin kofi ki duba. Murfinsa kuma, don Allah, a sa masa kwaɗo. Murfin kazzan na ƙasa sau da yawa a bakin ƙofa yake, inda yara ke wasa, kuma direban wayit yana iya barinsa a buɗe ya tafi. Ni duk ranar da mota ta zo, sai na sauka na ga an rufe da idona. Haka ki tambayi maganar bayyara, wato ramin da ruwan banɗaki ke taruwa inda ba a kawo babbar magudana ba: wa ke biyan motar da ke zuƙewa, mai gida ko 'yan haya? A rubuta. Ruwan da ke kwance a bokitin da ke ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko a gangunan magina shi ke haifar da sauron zazzaɓin dengi, kuma wannan ciwo sananne ne a Makka da Jidda. Ki zubar, ki kife.

Wuta ba ta da wahala idan shiggarki na da mitarta ita kaɗai. Idan an ce mita ɗaya ce ta shigga biyu, ki nemi wani gidan. Ana cajin gidan zama halala 18 (halala ɗari ne riyal ɗaya) a kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, ga harajin kashi 15 cikin ɗari a kai, to mitar haɗaka saurin tsallake iyakar take yi, kuma babu mai yarda shi ya sha. Ki ɗauki hoton lambar mita ranar da kuka karɓi makulli. Idan wuta ta ɗauke, lambar kamfani 933.

Takardu kuwa kada a bar su sai an huta, don ba a hutawa. Yarjejeniyar haya ta zama ta Ejar, wadda ake rajista ta intanet, saƙo ya shigo wayar maigida ya amince. Takardar hannu da "ai mun san juna" ba ta tsaya miki ranar da aka ƙara kuɗi ko aka ce ku tashi. Kuɗin hayar ma ta hanyar Ejar ɗin ake biya, shaida na nan a ajiye. Da kun tare, a sauya adireshin ƙasa zuwa sabon gida. Za a ba ku gajeren adireshi, haruffa huɗu da lambobi huɗu. Ki rubuta shi ki manna a bayan ƙofa, ki kuma koya wa yara. A unguwar da gidaje suka yi kama da juna, ba a kwatance da "kusa da gidan Malam", kuma ranar da kika buga lambar gaggawa ta 911 ba lokacin kwatance ba ne. Da wannan yarjejeniyar da adireshin za ki nemi a mayar da yara makarantar kusa ta tsarin Nur na ma'aikatar ilimi, ki kuma sauya asibitin unguwa a manhajar Sihhati. Ki fara maganar makaranta da wuri. Sababbin unguwanni na cika da mutane kafin a gama gina azuzuwa.

Abin da ya fi girgiza mu da muka taso a hara shi ne nisa. Da, ki sa mayafi ki taka zuwa kasuwa, ki biya ta gidan Gwaggo, ki dawo kafin tukunya ta tafasa. Nan kuwa komai sai mota. Motocin bas na Makka riyal 4 ne, suna da sanyi da tsabta, sai dai ki bincika ko tasharsu na kusa da layinku, don tafiyar minti goma a ranar Makka ba wasa ba ce. Uber da Careem na zuwa, amma kullum-kullum suna cin aljihu. Mu abin da muka yi, gida huɗu muka haɗu muka ɗauki direba ɗaya mai kai yara makaranta, ana biyansa a wata. Kuma tun 2018 mata na tuƙi. Ƙanwata ta koya bayan mun dawo nan, yanzu ita ke kai Hajiya asibiti ba sai an jira kowa ba. Da azumi, idan za ku tarawihi a Harami, mu na kudu a filin ajiye motoci na Kudai muke ajiye mota mu hau bas. Ku fita da wuri, ku tafi da abin buɗa baki a jaka.

Yara na ganin fili sai su ɗauka duniya ce ta buɗe musu. Ki zaga da su da kanki a makon farko, ki nuna musu inda ba a zuwa: ramin tushen gini, tarin rodi, gidan da ba a gama ba. Idan kin ga rami a buɗe, ko fitilar titi ta mutu, ko shara ta kwana biyu ba a kwashe ba, ki buga 940, lambar hukumar birni, ko ki tura hoto ta manhajar Baladi. Suna ba da lambar ƙorafi, ki ajiye ta. Idan gida biyar suka kai ƙara a kan abu ɗaya, ya fi saurin motsi.

Sai kicin. Baƙalar unguwa, wato ƙaramin kanti, za ta ba ki shinkafa da madara da burodi, amma kada ki tambaye ta daddawa. Kuka da kuɓewa busasshiya da gero da yajin tsire har yanzu sai wajen matanmu, waɗanda da suke zaune da tire a Mansur, yanzu da yawansu ta WhatsApp suke ciniki. Mukan haɗa saƙo sau ɗaya a wata, mota ɗaya ta ɗauko wa kowa. Ki sami tukunyar gas ta biyu, don mai gas ba ya bi ta layi kullum.

Turmi kuma, a yi hattara. A hara ƙasa muke daka, ƙasa na shanye ƙarar. A hawa na uku kuwa kowane bugun taɓarya a kan maƙwabcin ƙasa yake sauka. Na ninka tsohuwar darduma huɗu na ɗora turmin a kai, a kusurwar da ginshiƙi yake, kuma ba na daka tsakanin azahar da la'asar, lokacin da mutanen nan ke barci, ko bayan isha'i. Ranar miyar kuka ki kunna fankar kicin, ki rufe ƙofar shigga, don ƙamshin da ke sa mu haɗiyar yawu baƙo ne a hancin wasu. Mafi kyau ma, ki riga su: ki zuba waina ko dambu a faranti mai kyau, ki ba yarinya ta kai. Maƙwabciyata 'yar Yaman ce. Farantin farko da na aika ya dawo da masub, abincinsu na burodi da ayaba, a ciki, na uku kuwa ita ta biyo shi da kanta, ta tsaya a bakin kicin tana tambaya yadda ake kaɗa miya. Yanzu makullina na ajiya a hannunta yake.

Ki sani mutanen sabuwar unguwa ba girman kai ke sa su rufe ƙofa ba. Kowa baƙo ne, kowa na jiran wani ya fara. A nan ba a faɗa wa mutum gida da sallama kawai kamar yadda muka saba. Ana aika saƙo tukuna, a ce "za mu shigo bayan magariba", a tarar da gahawa da dabino. Ki karɓi wannan tsarin, ba raini ba ne. Maigida kuma ya lizimci masallacin layi, ko da na wucin gadi ne da aka yi da kwano, don a nan maza ke sanin juna, a nan ake jin wa ke da lambar mai gyaran famfo na kirki. Ki nemi a sa ki a zauren WhatsApp na matan imara, ki riƙa magana a kan ruwa da shara da yara, ki bar tura wa'azi da tallan kaya sai an san ki. Abu biyu ke haddasa faɗa a nan fiye da komai: ajiye mota a ƙofar garejin wani, da ruwan mukayyif da ke ɗiga a kan shanyar na ƙasa. Tiyo na riyal kaɗan na maganin na biyun. Haris ma ki kyautata masa, ki tuna da shi ranar da kika yi girki mai yawa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma shi ya riga kowa zama a ginin.

Suna da biki ba sa yiwuwa a shigga, kuma ba a toshe titi da rumfa yadda muke yi da. Istiraha ake kamawa, wato gidan taro na haya, ga su nan da yawa a bakin gari, da tsakar gida da ɓangaren mata daban. Ki kama da wuri idan daren Juma'a ne ko lokacin hutun makaranta, kuma ki tambaya ko kuɗin ya haɗa da shara da shimfiɗa. Rasuwa kuwa, Allah Ya sa mu cika da imani, zaman gaisuwa kwana uku ne daga magariba zuwa isha'i. Ki sanar da maƙwabta ko da ba ku saba ba, za ki ga sun buɗe falonsu sun ce mazanku su zauna a nan.

Waɗanda tashin nan ya fi taɓawa tsofaffi ne. Hajiyarmu ta shekara fiye da hamsin tana jin Hausa ta taga, yau ta buɗe labule sai fili da ƙugiyar magina. Ba ta ce komai ba, amma abincinta ya ragu. Kada ki jira tsohuwa ta ce miki tana kewa, ba za ta faɗa ba. Mu tsofaffin maƙwabtan hara muka mayar da adashinmu na wata ya zama zama na mako, kowace Alhamis a gidan mutum ɗaya, yau Shara'i, wani makon Zaidi, na gaba wajenmu. Mai mota ta biya ta ɗauki marasa mota, kuɗin mai kuma daga asusun ake cira, don kada nauyin ya zauna a kan mutum ɗaya har ta gaji. Wadda za a je gidanta shayi da abu ɗaya kawai za ta yi, mun hana gasar girki tun farko, saboda ita ke kashe irin wannan zama. Idan kin tare, ki turo mini gajeren adireshinki in sa ki a jerin.