Kafin ka ja igiyar tsohon injin zarto

Ranar Asabar wani yaro ɗan unguwarmu ya shigo mini da tsohon injin zarto, Stihl 070, a cikin buhun shinkafa, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa. Wurin 'yan gwangwan ya saye shi da arha, ya kai gida ya ɗura fetur, ya ja igiya. Ya ce: "Wallahi Baba ya tashi, har ƙara yake yi kamar sabo, can sai ya tsaya cik." Na kwance salansa na haska tocila, sai ga fistin duk zane, kamar an ja shi a kan tsakuwa. Shi ne na uku da aka kawo mini bana da wannan ciwo, kuma duk hannun mai shi ne ya kashe shi. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin gareji, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mu masu tara tsofaffin injinan zarto a nan ba mu da yawa. A Amurka da Jamus da Suwidin abin ya zama sha'awa babba, ana farautar McCulloch 3-25 na 1949, wanda ya yi suna saboda mutum ɗaya na iya ɗaukarsa, da Homelite XL-12, da tsofaffin Dolmar na kamfanin da Emil Lerp ya kafa a Hambug a 1927. Mu abin da yake faɗowa hannunmu shi ne wanda ya gama wahala a dazuzzukan katako na kudu ko na Taraba: 070 mai cc 106, idan ka taki sa'a babban wansa 090 mai cc 137, sai Husqvarna jefi-jefi. Bambancinmu da su, idan Bature ya lalata silinda zai iya nemo wata. Kai idan ka lalata ta asali, ka rasa ta ke nan.

Ni ma da kaina na yi wannan ɓarnar, kuma a kan injin da ya fi kowanne daraja a wurina. Stihl Contra ne, irin wanda aka fara fitarwa a 1959, kakan 070. Na same shi a ɗakin ajiyar wani tsohon mai sana'ar katako, ƙarƙashin tsummokara, ya fi shekara ashirin ba a taɓa shi ba. 'Ya'yansa suka ce in ɗauka in ba da abin da ya sawwaƙa. A daren ko abinci ban ci ba. Na wanke fulogi, na ga wuta tana bayarwa, na zuba mai, ja na shida ya kama. Ƙarar ta cika layi, yara suka fito kallo. Na lura ko na saki maƙulli, wato abin da ake matsawa a ba shi wuta, ba ya komawa silo, sarƙa tana ta gudu da kanta, amma daɗi ya rufe mini ido, na ce ƙarfi ne irin na ƙarfen da. Na kafa shi a gungumen darbejiya, ban kai rabi ba ya buga. Igiyar ma ta ƙi jawuwa.

Abin da ya faru ba wani siddabaru ba ne. Irin wannan inji ba shi da tukunyar baƙin mai kamar mota. Man da ke shafa fistin da boris yana cikin fetur ɗin da ka gauraya, kuma haɗin sai ya bi ta cikin cikin injin, inda karanshaf yake, kafin ya hau silinda. A gefe biyu na karanshaf akwai robobi masu toshe iska. Idan suka shekara ashirin a zafin ƙasar nan, bushewa suke yi su tsattsage kamar diddigen manomi da hunturu. Iska ta ɓarauniyar hanya ta shiga, fetur ya yi kaɗan, mai ya yi kaɗan, gudu ya ƙaru, zafi ya hau, fistin ya narke ya manne a bango. Wannan gudun da na ɗauka lafiya ce, kukan neman ceto ne. Har yau Contra ɗin yana rataye a bango, ban samo irin silindarsa ta asali ba.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka, kuma ba na karya ta ko injin ya zo yana sheƙi. Salansa nake fara cirewa, noti biyu ko uku ne, in leƙa fistin da zobensa ta ƙofar hayaƙi. Sai in cire fulogi in ɗiga man haɗi kaɗan, in juya a hankali da hannu ina sauraro. Daga nan in toshe ƙofar kafireta da ta hayaƙi da guntun tsohon tib na babur, in hura iska kamar rabin "bar" a ma'aunin iska, in ga ko allurar ma'aunin za ta tsaya. Idan ta sauka, ruwan sabulu zai nuna mini inda kumfa ke fita. Wasu suna cewa idan gwajin ya yi kyau a bar robobin. Ni dai duk injin da ban san tarihinsa ba sai na canza su, tare da tiyon fetur da matacin cikin tanki da fatar kafireta. Kafiretar Tillotson da ke kan waɗannan manyan injina da wata 'yar fata mai laushi take tsotso mai, idan ta bushe ta zama kamar ganda, komai murɗa sukurori ba za ta daidaita ba.

Sai maganar haɗin mai, inda nake so in ɗan yi faɗa. Malam, injin zarto ba ƙaramin janaretanka ba ne da kake tsiyaya masa baƙin mai da ido a murfin jarka. Janareta yana juyi dubu uku a minti. 070 ya ninka wannan har da ɗori, na zamani kuma suna wuce dubu goma sha biyu, a cikin ƙura da garin katako. Ka saya wa kanka sirinji, nawa take? Tsofaffin littattafan injinan nan suna cewa 25 da 1, wato mil 40 a lita ɗaya, waɗanda suka fi tsufa ma har 16 da 1, don a lokacin man mota ake zubawa. Man 2T na kirki na yanzu an yi shi ne don 50 da 1, mil 20 a lita. Ni tsakiya nake bi, mil 125 a lita huɗu, kusan 32 da 1 ke nan. Akwai masu ce mini ɓarnar mai ce, hayaƙi ya yi yawa. Na ji, amma wanke fulogi ya fi mini sauƙi a kan neman fistin. Kuma a jarka ake haɗawa a girgiza, ba a cikin tankin injin ba. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuwa, wanda ba ka san me aka sirka masa ba, ka bar wa babur ɗinka idan ka ga dama. Haɗin da ya wuce wata guda ma ba na zuba shi.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne wasa da sukurun kafireta. Akwai mai alamar L na ƙaramin gudu, akwai mai H na babban gudu. Sabon shiga sai ya gano cewa idan ya ɗan ɗaure H injin yana ƙara tsiwa, sai ya ci gaba da ɗaurewa yana murmushi. Kai, mai kake rage masa! Ka ɗaure su a hankali har su taɓa, ba da ƙarfi ba don bakin allurar yana lalacewa, sannan ka warware kowanne kamar zagaye ɗaya, daga nan ka fara saurare. Idan ka matse maƙulli ba a cikin itace ba, ya kamata ka ji muryar tana ɗan gurgura, da ya shiga itace sai ta washe. Idan tun a sarari yana ƙara siririya mai tsini, warware H kafin ka yi kuka. Shi 070 ma yana da wani ɗan faifai da iskar fanka ke turawa don ya tsare gudunsa. Masu yankan katako da yawa suna cire shi ko su ɗaure shi da waya. Idan ka ga haka a naka, mayar da shi.

Guduma ta kashe injina da yawa. Mutum yana son cire fankar maganeto sai ya dinga dukan kan karanshaf har zaren ya baje, ko ya sa sukundireba ya ɓanɓare fiffiken fankar. Akwai abin jan ta, kuma mai walda zai haɗa maka irinsa da faranti da kusoshi uku. Kulocin yawancin injinan nan zarensa na hagu ne, don haka wajen da ka saba ɗaurewa nan ne kwancewa. Na taɓa tsayawa ina kallon wani bakanike ya sa bututu a sifana yana danna wa da ƙafa, yana zagin tsatsa, alhali ƙara ɗaure shi yake yi. Idan kana son tsayar da fistin, tura igiya mai tsabta ta ramin fulogi, kada ka cusa ƙarfe.

Ƙananan kuma ga su a gurguje. Kada ka ja igiya fulogi yana reto bai taɓa jikin inji ba, kwal yana iya ƙonewa. Tsofaffi masu kwantak, ka goge bakin ka sa tazarar kamar milimita 0.4 kafin ka yanke wa kwal hukunci. Kibiyar kan fistin wajen salansa take kallo. 'Yan zobban da ke riƙe fil ɗin fistin ba a mayar da tsofaffi. Gangar jikin da maganiziyom aka yi ta, kada ka ajiye ta a kan siminti mai laima sai ta fara fitar da farin gari tana rubewa, kuma kada ka kai wa mai waldar bakin titi, ƙarfe ne mai kamawa da wuta. Idan za ka ajiye inji, juye tankin ka tayar da shi har ya mutu da kansa.

Fenti ma yana ba ni haushi. Mutum ya samu inji da fentinsa na asali da tambarinsa, ya goge da samfefa ya fesa jan fentin ƙofa. Kalanzir da tsohon burushin haƙori sun isa. Kuma tunda kasuwa ta cika da kwaikwayon 070 daga Sin, duba lambar da aka buga a jikinsa kafin ka biya kuɗin na Jamus. Kayan kwaikwayon suna shiga, ni ma ina sa robobinsu da gasket idan babu yadda zan yi, amma ba na jefar da silindar asali don na ga sabuwa mai arha.

Sarƙa ba a sayenta da ido. 070 yana cin mai tazarar inci .404 da kaurin milimita 1.6, kuma dole haƙorin kuloci da takobin da sarƙar ke zagayawa su dace da ita. Magagari mai milimita 5.5 ne nata, a karkace digiri 30, ko 10 idan tsaga katako za ka yi a tsaye. Siffar haƙorin nan Joseph Cox ne ya fito da ita a Amurka, ya fara sayarwa a 1947, bayan ya zauna yana kallon yadda tsutsar itace ke cin gungume. Kada ka cinye 'yan tudun da ke gaban haƙora don wai ya ƙara ci, fizga zai dinga yi. Kuma baƙin man da aka juye daga mota ba man sarƙa ba ne, garin ƙarfen da ke cikinsa yana cinye famfo.

Wannan fizgar ba abin wasa ba ce. Birkin sarƙa sai a shekarun 1970 ya fara fitowa, don haka Contra da 070 da sa'o'insu ba su da shi. Idan saman hancin takobin ya taɓa wani abu, injin mai nauyin kilo goma sha wani abu zai taso maka fuska kafin ka ƙifta ido. Ni ba na sare bishiya a tsaye da su. Gungume nake kwantarwa a fili, in tayar da injin a ƙasa ƙafata a cikin mariƙin baya, in kori yara, in sa takalmi mai rufi, ba silifa ba, kuma ban taɓa yi da babbar riga ba.

Shi kuwa yaron nan ya yi sa'a fiye da ni. Da na cire silindar na ga narkakken fistin ne kawai ya manne a bango, rufin cikin bai ɓare ba. Na ba shi asid da auduga a bakin tsinke, na ce ya dinga shafawa a inda ya manne kaɗai, a waje inda iska take, ya kiyaye idonsa da bakin ƙofofin. Kwana biyu yana yi. Jiya na bi da farce ban ji ya maƙale ko'ina ba. Mun aika a sayo fistin mai milimita 58 da robobin karanshaf biyu, igiyar kuma na kwance ta na kulle a durowata sai ranar da gwajin iska ya tsaya.