Garken karnukan bigul a karkarar Ingila: inda sababbin shiga ke yin kuskure

Da yawa suna zuwa da tunanin za su ga mahaya dawaki cikin jajayen riguna. Waccan farautar yanyawa ce. Bigul gajeren kare ne, tsayinsa ba ya wuce inci 16, kuma a ƙafa ake binsa, cikin laka da sanyin Oktoba zuwa Maris. Ma'aikatan garken galibi koriyar riga suke sawa da farin wando. Kai baƙo, takalmi mai ƙwari da rigar ruwa sun ishe ka.

Kuskure mafi tsada shi ne na doka. Asalin waɗannan garkunan don zomon fili aka kafa su, mai dogayen kunnuwa wanda ba ya haƙa rami, yana gudu yana kewayowa inda ya tashi, shi ya sa mai tafiya a ƙafa ke iya ganin komai daga kan tudu. To amma dokar 2004, wadda ta fara aiki ranar 18 ga Fabrairu 2005 a Ingila da Wales, ta hana farautarsa da karnuka, Scotland kuwa ta riga su tun 2002. Dokar ta ƙyale zomon rami da ɓera, da izinin mai ƙasa. Yau garkuna sun fi cewa wari suke bi: a jiƙa tsumma, mutum ya ja shi ta gonaki, karnuka su bi sawu. Masu adawa suna cewa fakewa ake da guzuma a harbi karsana, jam'iyyar Labour ma ta yi alkawarin hana bin warin a zaɓen 2024. Kafin ka ba da kuɗinka, tambayi sakataren garken abin da za a bi ranar.

Sai rikita muƙamai. Shugaban garke shi ke neman izinin manoma, shi ke ɗaukar nauyin kuɗi da laifi. Mai ƙaho shi kaɗai ke magana da karnuka. Masu bulala suna gefe, suna maido da wanda ya ɓalle, suna tsare bakin titi. Wani lokaci shugaban ne ke riƙe ƙahon da kansa, amma ba dole ba ne. Idan ka ga karnuka sun rasa wari, sun sunkuyar da hanci suna zagaye, ka tsaya cik ka yi shiru. Wanda ya shiga gabansu ya tattake warin, wanda ya kira su kuma ya raba musu hankali. Kada ka zo da karenka na gida.

Ƙidaya ma da tsarinta: bibbiyu ake lissafa su. Karnuka 25 su ne biyu-biyu 12 da rabi.

A tarihi, mutane kan ɗauka abin ya tsufa fiye da yadda yake. Irin karen ya daɗe, amma garke mai tsari na ƙarni na 19 ne. Wani limamin coci, Phillip Honeywood, ya tara nasa a Essex a shekarun 1830. An kafa garken Royal Rock a 1845, ƙungiyar shugabannin garkuna, AMHB, wadda ke riƙe littafin asalin karnuka, ta zo a 1891. Makarantar Eton da ɗaliban Oxford da Cambridge duk sun yi nasu.

A ganina, raina manomi ya fi duk waɗannan illa. Garken ba shi da gonar kansa, aro yake yi. Manoma da magoya baya ne ma ke karɓar 'yan kwikwiyo su raine su watanni a gida kafin a mayar da su cikin garke. Ƙofar shinge ɗaya da ka bari a buɗe, tumaki suka fita titi, ta isa a hana garken wannan gonar shekara da shekaru. Ka rufe duk ƙofar da ka buɗe, ka bi gefen shuka, ka ajiye mota inda ba za ta tare tarakta ba, sannan ka biya kuɗin ranar tun kafin a tambaye ka.