Yadda na gano ginshiƙin da ke ƙara lamba da kansa

Kwana biyu ina fama. Duk sabon layin da na saka a teburin ma'ajiyar bayanai, sai ɗan ORM ɗin da na rubuta (manhajar da ke haɗa shirina da ma'ajiyar) ya aika NULL (wato ba komai) a gurbin id, lambar layin, PostgreSQL (manhajar ma'ajiyar) ya ƙi karɓa. Ashe dabarata ce ta tsufa: column_default (abin da ginshiƙi ke ɗauka in ba a ba shi komai ba) kawai nake dubawa, in na ga nextval (umarnin da ke ba da lamba ta gaba) sai in gane ginshiƙin da kansa yake ƙara lamba. Hakan yana aiki ga ginshiƙan SERIAL, tsohuwar hanyar ƙara lamba. Amma tun PostgreSQL 10, a 2017, akwai ginshiƙan IDENTITY, su ma suna ƙara lamba da kansu, amma column_default ɗinsu wayam yake, shi ya sa ORM ɗin bai gane su ba.

Sai na ƙara duba is_identity a information_schema.columns, inda PostgreSQL ke nuna bayanin kowane ginshiƙi. In YES ne, a cire ginshiƙin daga INSERT (umarnin saka layi), a karɓo lambar da RETURNING (sashen umarnin da ke dawo da abin da aka saka). Nan take layin ya shiga.