Darasi na Bakwai: Kunna da Kashe Uwar Garken Kundin Sunaye

A ma'aikata mai kwamfutoci da yawa, akan ware kwamfuta ɗaya ta riƙe sunayen ma'aikata, da kalmomin sirrinsu, da sashen da kowa yake aiki. Ita ce uwar garken kundin sunaye. Duk wanda zai shiga kwamfutarsa ko ya buɗe imel ɗin ofis, ita ake fara tambaya: wannan namu ne? Aikinta irin na mai gadi ne da ke riƙe da rajista a bakin ƙofa. In ta tsaya, sai mutane su yi cirko-cirko, kowa na cewa kalmar sirrinsa ta ƙi shiga.

Manhajar da za mu yi amfani da ita sunanta OpenLDAP. An fara ta a 1998, kuma tushenta wani aiki ne na Jami'ar Michigan da ke Amurka. Ɓangaren da ke amsa tambayoyi shi ake kira slapd. A kwamfuta mai Ubuntu ko Debian, ga umarnin da ake rubutawa don kunna shi (kalmar sudo da ke farko tana ba umarnin ikon mai kula da kwamfutar):

sudo systemctl start slapd

Kwamfutar ba za ta ce muku komai ba. Kada ku ɗauka shirun nan alamar lafiya ce, ku duba da kanku:

sudo systemctl status slapd

In kun ga kalmar active da koren rubutu, ya tashi. Daga nan zai riƙa sauraron tambayoyin sauran kwamfutoci a ƙofar sadarwa (port) mai lamba 389, ko 636 in an shirya masa hanyar sirri, wato mai ɓoye bayanan da ke wucewa. In kuwa kun ga failed da ja, ku rubuta sudo journalctl -u slapd, ku karanta layukan ƙarshe a natse. Galibi dalilin yana nan a rubuce.

Kashewa ta fi buƙatar hankali. Kafin ku taɓa komai, ku sanar da mutane, ku zaɓi lokacin da aka tashi daga aiki. Ku kuma ajiye kwafin bayanan da slapcat, umarnin da ke fitar da abin da ke cikin kundin. Sannan ku rubuta:

sudo systemctl stop slapd

Wannan umarni yana ba shi damar ya kammala abin da ke hannunsa, ya rufe ma'ajiyarsa. Kada ku zare waya daga soket, kada ku danne maɓallin wuta. Wanda ke tsakiyar canza kalmar sirrinsa a lokacin, aikinsa zai yanke. A wurarenmu da ake yawan ɗauke wuta, in aka koma kan batiri kuma janareta bai tashi ba, ku kashe slapd da wannan umarni tun batirin bai ƙare ba.

Akwai wani tuntuɓe da ya kamata ku sani. Ana zuba bayanai cikin kundin da umarnin slapadd ne bayan an kashe slapd. In kun yi hakan da sudo, fayilolin da ke /var/lib/ldap za su iya komawa mallakar root, wato babban asusun da ke da iko da komai a kwamfutar, shi kuma slapd ya ƙi tashi domin ba shi da izinin buɗe su. Maganinsa shi ne a mayar da fayilolin mallakar openldap, asusun da slapd ke aiki da shi:

sudo chown -R openldap:openldap /var/lib/ldap

Aikin gwaji: ku zauna biyu-biyu a kwamfutar koyo. Ɗaya ya kashe slapd, ɗayan ya duba ko ya tsaya. Ku canza wuri, ku kunna, ku rubuta a littafinku kalmar da kuka gani a kowane karo.